Hannun Aro

Lauya ta ajiye hoton a kan tebur, ta juya shi ya fuskanci Injiniya, sannan ta sa bakin biro a kafaɗar matar da ke ciki.

"Kawu, wannan hannun na wane ne?"

Injiniya ya duba. Shi ne a hoton, zaune a doguwar kujera, hula a karkace kamar kullum. Ga matarsa a gefensa tana murmushi. A bayansu furanni ne irin waɗanda ba su taɓa shukawa ba. A kafaɗarta kuma ga hannu ya sauko, yatsu sumul-sumul, da zoben azurfa a ƙaramin.

Ya mayar da nasa hannayen ƙarƙashin tebur. Tun yana saurayi yake kwance janareto yana ɗaurawa, shi ya sa ake ce masa Injiniya, ko da yake bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba. Baƙin mai ya zauna daram a faratansa, ba sabulun da ke fitar da shi. Zobe kuwa bai taɓa sawa ba.

"Hannuna ne mana," ya ce.

Lauya ta ɗage biron daga kan hoton. 'Yar amininsa ce, marigayi. A kan babur ɗinsa ya sha kai ta makarantar firamare. Ta je waje ta karanto dokar shige da fice, ta dawo ta kama ɗaki biyu a saman wani kantin magani. Da ya san wani lauyan da ya san harkar biza, da can ya nufa. Bai sani ba.

Fanka na juyawa a sama, tana ɗaga gefen takardar da ofishin jakadanci ya aiko masa. An hana shi biza.

Maganar ba ta da tsawo. Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, kowa Nas yake ce mata. Shekara uku ke nan da ta samu aiki a wani asibiti a ƙasar waje. Dokar can ta yarda ma'aikaciya ta ɗauko mijinta, in dai an nuna auren na gaskiya ne kuma yana nan. 'Yarsu ɗaya ta yi aure, gida ya zama sai shi da kujeru. Nas ta ce ya taho. Ya cike takardu, aka sa shi a layin waɗanda ke ƙarƙashin kulawar wani. Wannan ma sai da ya haɗiye shi da ruwa.

"Dalili biyu suka bayar," Lauya ta ce. "Na farko, ba su gamsu auren yana nan ba. Na biyu, sun ce an taɓa hoton nan. Na farkon ciwo ne mai magani. Na biyun shi ne kan sa su rufe wa mutum ƙofa shekaru."

"Da takardar aurenmu a ciki. Da ta haihuwar yarinya."

"Sun nuna an yi aure, Kawu. Ba su nuna ana yinsa ba. Mutane nawa ke da takardar aure a akwati alhali ko gaisawa ba sa yi?"

Ya dubi fankar. Ya dubi kalandar da ke bango. Da ya rasa abin dubawa sai ya faɗa mata.

An ce masa ya haɗa da hotunansa da matarsa. Ya juye gidan kaf. Hotunan biki: ita cikin mata, shi cikin maza. Na sunan yarinya: ita riƙe da jaririya, shi ba ya ciki, ya tafi ɗauko kujerun haya. Na ranar da yarinyar ta gama makaranta ne kaɗai suka shiga tare, ita a wannan ƙarshen, shi a wancan, dangi a tsakani kamar katanga. Shekara ashirin da wani abu da aure, ba su taɓa zama kafaɗa da kafaɗa gaban mai hoto ba. Wa zai ce a yi? Shi ko sunanta ba ya kira a gaban mutane. "Ke" ya wadatar, kuma tana amsawa.

Sai ya kwashi abin da ya samu ya kai wa Mai Hoto na bakin titinsu. Mai Hoto ya duba, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, mutanen can ba sa yarda da aure sai sun ga an jingina. Wannan ai kamar taron 'yan kwamiti. Bar min, gobe ka dawo."

Washegari ya tarar da kansa a kan doguwar kujera cikin furanni. Ya ga hannun, ya yi magana. Mai Hoto ya ce na wani ango ne da ya zo a makon, ba wanda zai lura, hannu ai hannu ne. Injiniya ya sa hoton a ambulan da sauri don kada ya ci gaba da ganinsa.

Lauya ta saurara har ya gama. Ba ta yi dariya ba, kuma ya ga ƙoƙarin da hakan ya ci mata. Ya fi so a ce ta yi.

"Kawu, aurenka na gaskiya ne," ta ce. "Kai ne ka kawo masa shaidar zur."

"To a sake cikewa. A bar hoton."

"Za su tambaye ka ko an taɓa hana ka, kuma sun riga sun san amsar. In ka yi shiru, ƙarya ta zama biyu. Hanya ɗaya na gani. Mu nemi su sake duba maganar. Ka yi takardar rantsuwa, ka ce e, an haɗa hoton, ga yadda aka yi, ga dalili. Anti Nas ma ta rubuto tata, ta ce ba da saninta aka yi ba."

"Ita ba ta san da hoton ba."

"Shi ya sa za ta rubuta hakan. Me ka ce mata da aka hana ka?"

"Na ce layi ne ya yi yawa."

Lauya ta rubuta wani abu a takardarta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Sannan shaida ta gaske. Yaya kuke magana?"

"Ta waya."

"Kira ko rubutu?"

"Saƙon murya. Aikinta ba ya barin a yi kira. In ta tashi ta aiko, in na samu sarari in mayar."

"Kullum?"

"Kusan."

"Kana gogewa?"

"Ban iya gogewa ba."

Ta ajiye biron. "Kawu, shaidar shekara uku tana aljihunka, ka tafi wurin Mai Hoto?"

Ya dafe aljihun, kamar ta ce za ta ƙwace.

"Ba abin da ke ciki sai faɗa," ya ce.

"Faɗan muke so. Masu auren bogi ba sa faɗa, sai kalaman zuma. In jami'i ya ji mace tana yi wa namiji masifa a kan rufin ɗaki mai yoyo, ya san miji ne. Za mu zaɓi wasu daga kowane wata. Tafinta mai rantsuwa zai saurara, ya rubuta, ya juya su zuwa harshensu. Sai a haɗa da asalin muryar a aika."

"Wani ƙato ya zauna ya saurari matata."

"E."

"Sannan wani a can ya karanta."

"E, Kawu."

Ya miƙe. Ya ce zai yi tunani. Ta ce wa'adin neman a sake dubawa ba shi da tsawo, ya yi tunanin da sauri. Ta rako shi har bakin matakala, ta ce ya gaida gida, sai ta tuna ba kowa a gidan. Su duka biyun suka yi kamar ba ta faɗa ba.

Shagonsa yana cikin layin masu gyara, tsakanin Mai Walda da wani mai naɗin waya. A layin ya ce wani kamfani ne a can ke neman wanda ya san manyan injuna. Ba wanda ya yarda, ba wanda ya ƙaryata, sai Mai Walda, wanda bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi.

"Injiniyan ƙasashen waje," Mai Walda ya ce, ya tura tabaran aikinsa goshi. "Kamfanin bai turo jirgin ba har yanzu?"

"Ana kan takardu."

"Na ji manajan kamfanin mace ce. Har allura tana yi."

Mai naɗin waya ya sunkuyar da kai yana dariya a cikin aikinsa.

"Ni dai shawara nake ba ka," Mai Walda ya ci gaba. "In ka je, ka koyi wanke-wanke da ruwan ɗumi, kada sanyi ya kama ka. Mijin-ta-ce ba ya ciwo, in ya kwanta wa zai yi shara?"

"Kai da taka ke gida, wa ke ce maka ka dawo kafin magariba?"

"Ni ai a ƙasata ake juya ni. Ban yi fasfo a kai ba."

Injiniya ya yi dariyar da ta kamata, ya wuce ciki. A bayan shagon akwai ɗan ɗaki inda yake tara injunan da suka mutu masu su ba su dawo ba. Ya zauna a kan ɗaya. Ranar Nas ba ta da aiki, ya sani. Ya daɗe yana kallon wayar kafin ya kira.

"Lafiya?" Nas ta ce. "Kai da kira?"

"Ke, akwai magana."

Ya faɗa mata daga farko. Bai yi wa kansa ado ba, don ba inda zai sa adon. Da ya zo kan hannun sai ta ce ya tsaya.

"Hannun wa?"

"Wani ango."

"A kafaɗata."

"A hoto ne kawai."

"Shekara ashirin ina jira ka ɗora naka, da za a ɗora sai aka aro na ango." Ta yi wata gajeriyar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. "Turo min in gani. Ko kyakkyawa ne?"

"Hannun kawai aka saka."

"To Allah ya sa albarka."

Yana jin ƙarar wani abu a ɗakinta, kamar tukunya a wuta. Da ta sake magana muryar ta canza, ta koma wadda take yi wa marasa lafiya masu taurin kai.

"Ka san sunana yana kan takardun nan? Ka san da izinin aiki nake zaune? In suka ce da ni aka haɗa baki fa?"

"Shi ya sa Lauya ta ce ki rubuta."

"Zan rubuta. Me kuma ta ce?"

Ya faɗa mata maganar tafinta.

"Ka ba ta wayar," Nas ta ce.

"Kin san abin da ke ciki."

"Na sani. Ni na faɗi fiye da rabi."

"Mutane za su ji."

"Ni a nan kullum sai na tuɓe wa baƙo riga na wanke shi, ba wanda ya mutu don kunya. Malam, na gaji da cin abinci a tsaye ni kaɗai. Na gaji da ce wa abokan aiki kana hanya. In ba za ka iya ba, ka gaya min yau, in daina faɗa."

A waje Mai Walda ya kunna injinsa, haske yana walƙawa ta ƙasan ƙofa.

"Tuwona zai ƙone," ta ce, ta kashe.

Ranar da Lauya ta sa za a haɗu da tafinta, ya yi wanka ya sa kayan Juma'a, kamar mai zuwa kotu. Tafinta ya riga shi zuwa. Dattijo ne siriri, sa'arsa ko ya ɗan girme shi, da tabarau a ƙarshen hanci da 'yar kwamfuta wadda harafi ɗaya ya goge a jikinta. Suka gaisa. Injiniya ya gode wa Allah da bai san shi ba, bai san kowa nasa ba.

Lauya ta zauna a can gefe da wasu takardu. Tafinta ya karɓi wayar, ya sa abin ji a kunne, ya fara. Injiniya ya zaci hakan zai fi sauƙi, tunda ba a fili ake kunnawa ba. Ashe ya fi muni. Yana zaune yana kallon fuskar mutum, bai san wace magana ce ke shiga kunnensa ba. Fuskar kuwa ba ta motsi. Yatsu ne kawai ke tafiya.

Jefi-jefi Tafinta yakan ɗaga abin jin daga kunne ɗaya.

"Nan ta ce maka kunnen ƙashi. Zagi ne ko wasa?"

"Wasa."

"Sai na rubuta a gefe, kada su ɗauka ana cin zalinka." Ya rubuta. Can kuma: "Wace ce 'waccan mai bakin'?"

"Yayata."

"In sa yayarka, ko in bar shi yadda ta faɗa?"

"Bar shi."

Haka suka yi ta yi. Rufin ɗaki. Maganin hawan jini da ba ya sha. Surukinsu da bai iya gaisuwa ba. Rigar sanyi da ta saya masa tun bara tana rataye. Injiniya ya fara sakin jiki kaɗan. Faɗa ne dai, kowane gida da nasa.

Da rana ta take, Tafinta ya tura kwamfutar gaban Lauya ta duba abin da aka samu. Ta karanta, ta ja tsaki mara sauti.

"Kawu, duk ita ce ke magana. Kai daga 'to' sai 'na ji' sai 'Allah ya kyauta'. Kai ne mai neman bizar. Kai suke shakka."

"Haka nake magana."

"Akwai guda ɗaya nasa mai tsawo," Tafinta ya ce. "Na shekarar farko. Amma ba a ji sosai, akwai inji yana ruri a baya."

Injiniya ya san shi. Shi ya tayar da injin da hannunsa, ya rufe ƙofar ɗan ɗakin, don kada 'yan layi su ji. Makon da ya tashi daga zazzaɓi ne, wanda ya yi shi kaɗai a gida. Ya aika, ta saurara, ba ta taɓa tayar da maganar ba, shi ma haka. A ransa ya ɗauka injin ya cinye ta.

"Farkon na ji," Tafinta ya ce. "Tsakiyar ce ta ɓace min. Ni mai rantsuwa ne, ba na cike gurbi da ka. Ko dai in rubuta 'ba a ji', ko kai ka faɗa min abin da ka ce, in saurara in tabbatar, in rubuta cewa mai maganar ne ya fayyace."

"A rubuta ba a ji."

Tafinta ya dubi Lauya.

"Kana da iko, Kawu," ta ce. "Za mu iya cire shi gaba ɗaya. Ba zan ce maka shi zai sa su ba ka ba. Amma mutumin da zai karanta ya riga ya kama ka da hoton ƙarya. A duk abin da muke da shi, nan ne kawai zai ji ka."

Ta tattara takardunta, ta ce za ta sauka ƙasa ta sayo maganin ciwon kai. Ta ja ƙofar a hankali. Ya ji takunta a matakala har ya ɓace.

Tafinta ya cire tabaran ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Ya ɗora yatsu a kan haruffa, idonsa a kan kwamfutar, ya jira.

Injiniya ya dubi ƙasa. Akwai tsaga a simintin, ta taso daga ƙafar tebur ta nufi bango. Ita ya yi wa magana.

"Na ce gidan ya yi min girma."

Yatsu suka motsa.

"Na ce tun da ta tafi ban kwana a ɗakin ba, a falo nake kwana." Ya gyara murya. "Na ce ko ta dawo ko ta ɗauke ni. Ko shara ce zan yi a can, zan yi. Na ce ban san haka nake ba sai da ta tafi."

Tafinta ya mayar da abin jin, ya saurara, ya koma baya, ya sake saurara. Ya gyaɗa kai.

"Ya yi daidai. Sai kuma?"

"Sai sunanta."

"Sau biyu. Na ji wannan. Bayan nan?"

Injiniya ya koma kallon tsagar simintin.

"Kukan ma na ji," Tafinta ya ce. "Ba sai ka faɗa ba. Akwai yadda muke rubuta shi."

Ya buga kalma biyu a cikin alamar baka-biyu, ya wuce.

Da aka buga takardun, Tafinta ya nuna masa wurin. A harshen mutanen can maganar ba ta fi layi huɗu ba. Injiniya ya kalle ta, baƙaƙen da bai iya karantawa ba, a jere tsaf kamar na kowa. Ya sa hannu a ƙasan kowane shafi. Tafinta ya buga hatiminsa, ya naɗe wayar kwamfutarsa, ya ce yana da wani aikin a kotu, Allah ya ba da sa'a.

Lauya ta dawo ba ta riƙe da magani. Ba ta dube shi ba, shi ma bai dube ta ba. Ta karɓi takardun, ta daidaita bakinsu a kan tebur ba tare da ta karanta ba, ta sa a ambulan.

"Gobe zan shigar," ta ce. "Yakan ɗauki watanni. Ban yi maka alkawari ba, Kawu."

"Na sani."

"In sun kira ka, za su iya tambayarka a kan abin da ke ciki. Baki da baki."

Ya tsaya riƙe da murfin ƙofa.

"Duka?"

"Duk wanda suka ga dama."

Ya gyara hularsa.

"To, su tambaya," ya ce, ya sauka.